Syuri Kondo, 'yar damben Japan da ta mamaye fagen resilin: tambayoyi da amsoshi

Duk mai kallon resilin ɗin Amurka ya san Asuka, 'yar Japan ɗin nan mai fenti a fuska. Kafin ta tafi WWE a 2015, lokacin ana kiranta Kana, akwai wata yarinya da suka sha gwabzawa a zaurukan wasa na Tokyo. Sunanta Syuri Kondo. Ita ba ta bi hanyar Asuka ba, wata hanya ta ɗauka mai wuya: ta ci kambun damben hannu da ƙafa, ta shiga kejin UFC, babban kamfanin faɗan gaske na Amurka, sannan ta dawo resilin ta hau ƙololuwa. Ga tambayoyin da masu jin labarinta suka fi yi.

Wace ce ita, kuma daga ina ta fito?

An haife ta ranar 8 ga Fabrairu, 1989, a garin Ebina da ke jihar Kanagawa, kudu maso yammacin Tokyo. Mahaifinta ɗan Japan ne, mahaifiyarta 'yar ƙasar Filifin. Tun tana firamare take koyon karate, kuma wannan ne jarin da ta shigo da shi duniyar wasa. A fagen resilin ba a haɗawa da sunan gidansu, Syuri kawai ake cewa.

Da dambe ta fara ko da resilin?

Nan mutane da yawa suke juya labarin. Saboda yadda take shuri, sai a ɗauka tsohuwar 'yar dambe ce da ta gaji da shan naushi ta koma wasan kwaikwayo. A gaskiya resilin ne ya fara ba ta abinci. Ta fara fitowa a Oktoban 2008 a wani kamfani mai suna Hustle, da sunan KG, wato yarinyar karate. Hustle kuwa ba wurin faɗan a-mutu-ko-a-yi-rai ba ne. Kamfani ne da ya gina kansa a kan barkwanci da shiga iri-iri, har da Nobuhiko Takada, tsohon gwarzon resilin, yana fitowa cikin kakin janar a matsayin shugaban miyagu. Wanda ya koya mata sana'ar shi ne Tajiri, mutumin nan da masu kallon WWE na shekarun 2000 suka sani da fesa koren ruwa daga baki.

Hustle ya durƙushe a 2009. Tajiri ya kafa nasa kamfanin, Smash, a 2010, ya tafi da ita. A can ta ajiye sunan KG ta koma sunanta na yanka. Damben ƙwararru na kamfanin Krush sai a Janairun 2012 ta shige shi. Amma akwai dalilin da ya sa ake cewa 'yar dambe ce da ta zama 'yar resilin: Syuri ɗin da duniya ta sani, wadda ta yi tashe daga 2020, ta zo ne bayan shekaru takwas na faɗan gaske. Ta farko ƙwararriya ce da 'yan kallon Tokyo suka sani. Ta biyun ce ta zama abin magana.

Mene ne wannan damben hannu da ƙafa, kuma me ta taɓuka a cikinsa?

Shi ne abin da ake kira kikboksin. Ana sa safar dambe a hannu biyu, a yi naushi, a yi shuri, a yi bugun gwiwa. A Japan aka ƙera shi a shekarun 1960, lokacin da wani mai shirya dambe, Osamu Noguchi, ya haɗa karate da damben ƙasar Tailan. Gasar K-1 da Kazuyoshi Ishii ya kafa a 1993 ce ta kai shi gidajen talabijin na duniya. Krush ƙanen K-1 ne, dokokinsu kusan ɗaya: ba bugu da gwiwar hannu, ba a daɗe ana riƙe juna, yawanci turmi uku, in ba a yi kisa ba alƙalai su ba da maki. Wanda ya saba kallon damben gargajiya ba zai ga baƙon abu a shuri ba, sai dai a nan ƙafar ce take yin rabin aikin, ba taimakon hannu kawai take yi ba.

A Maris ɗin 2014 Syuri ta zama mace ta farko da ta ɗaura kambun Krush. Cikin karawa 14 da ta yi a wannan fanni, ta ci 13, sau ɗaya aka doke ta. Ba a ƙwace kambun a hannunta ba, ita ta ajiye shi a 2016 da za ta koma MMA, faɗan da ya haɗa dambe da kokawa.

To ai resilin shiri ne. Me mai faɗan gaske take nema a ciki?

Haka ne, an san wanda zai ci tun kafin a buga ƙararrawa. Wannan ba sirri ba ne, a Japan ma kowa ya sani. Amma faɗuwar da ake yi a kan katako mai siririyar katifa ba shiri ba ce, kuma wuya da gwiwa da baya ba su san an shirya ba.

Sannan akwai maganar tukunya. 'Yar dambe tana iya fita fage sau uku ko huɗu a shekara, ta yi makonni tana rage nauyi, in ta ji rauni shi ke nan wannan zangon ya wuce. 'Yar resilin kuwa kusan kowane mako tana kan aiki, tana sayar da riguna da hotuna a bakin zaure, tana gina masoya da za su bi ta shekara da shekaru. A wajen mata musamman, inda ladan dambe bai taka kara ya karya ba, resilin ne sana'ar da ke riƙe mutum. Ban ga abin mamaki ba don wadda ta iya duka biyun ta zaɓi ta ƙare a wanda ya fi daɗewa.

Da gaske lokaci guda take yin su?

Ƙwarai. A duba farkon 2012 kawai: a Janairu ta yi karawarta ta farko a Krush ta ci, a Fabrairu ta doke Kana ta karɓi kambun mata na Smash. A Disambar wannan shekara ta zama zakara ta farko ta mata a Wrestling New Classic, kamfanin da ya gaji Smash. A 2014, shekarar da ta ci kambun Krush, ta rufe shekarar da doke Marcela 'yar Meziko ta karɓi kambun duniya na mata na CMLL, kamfanin resilin mafi tsufa da ke raye, wanda aka kafa tun 1933. Marcela ta karɓe abinta a Afrilun 2015 a birnin Meziko.

Abin da ya sauƙaƙa wannan rayuwa mai fuska biyu shi ne yadda Tokyo take. Akwai wani zaure, Korakuen, a hawa na biyar na wani gini da ke gefen Tokyo Dome, ba ya cin mutum 2,000. A nan ake dambe, a nan ake kikboksin, a nan ake resilin, wani lokaci biki biyu a rana ɗaya. Krush a nan ya fi yin wasanninsa, ƙananan kamfanonin resilin ma nan ne babban dandalinsu. Saboda haka ɗan kallon da ya ga Syuri tana wasa da Kana, yana iya dawowa kujerar nan tasa bayan 'yan makonni ya gan ta da safar dambe.

Shurin da take yi a resilin, na gaske ne?

Yana sauka, kuma da zafi. Amma ba shurin Krush ba ne, kuma a tsakanin biyun ne gwanintarta take.

A kikboksin, shurin da ya fi aiki ba shi da kyan gani. Ƙwauri ake saukewa a gefen cinya, ɗan sama da gwiwa, wuri ɗaya ake nema sau biyar, sau goma, har ƙafar ta ƙi ɗaukar mai ita. Ba a ɗaga kafaɗa, ba a ja numfashi, ba a yin wani abu da zai sanar da abokin karawa cewa ga shi nan tafe. Ɗan kallon da ke kujerar baya sau da yawa ba ya ma lura, sai dai ya ga mutum ya fara ɗingishi.

A resilin komai a juye yake. Dole na kujerar baya ya gani, ya kuma ji ƙara. Sai ka ga Syuri ta zaunar da abokiyar wasanta a ƙasa, ta zagaya bayanta, ta ɗan dakata har zauren ya yi tsit, sannan ta sauke ƙafa a faffaɗan baya, tsakanin kafaɗu, inda nama yake da yawa. Ƙarar ta cika wuri, fatar ta yi ja, wadda aka buga ta gantsare. Amma ba a taɓa ƙashin wuya ba, ba a taɓa ƙoda ba, gobe kuma za ta iya hawa mota ta tafi wasa na gaba. Ƙafar da aka horar shekara da shekaru ta ɓoye niyyarta ta yi ɓarna, ita ce aka ce yanzu ta bayyana niyyarta ta kuma kiyaye jikin mutum. 'Yan faɗan gaske da yawa a nan suke faɗuwa. Wasu su riƙa jin tsoron bugu sai abin ya zama wasan yara, wasu su kasa riƙe ƙafa su karya abokan aiki har a daina son shiga fage da su.

Daga Tajiri ta gaji shurin nan na gefen kai da ake yi wa wanda ya durƙusa. Tana da murɗiyar hannu da take kira Suzaku, da wata da take naɗe ƙafar mutum a bayan wuyanta mai suna Byakko, sai kayarwar da take rufe manyan wasanni da ita, Syu-Sekai.

Yaya aka yi ta kai UFC?

Ta hanyar Pancrase, wani tsohon kamfanin MMA na Japan. MMA shi ne faɗan da aka haɗa dambe da shuri da kokawa da shaƙa. Ta fara a Afrilun 2016 da doke Kanna Asakura, wadda daga baya ta yi suna a gasar Rizin. Ta ci karawa biyar a jere, ta biyar ɗin a Mayun 2017 da Kinberly Novaes 'yar Burazil, wadda ta ba ta kambun Pancrase na ajin kilo 52, ita ce ta fara riƙe shi. UFC ta ɗauke ta, ta yi karawar farko a Saitama a Satumban 2017, ta doke Chan-Mi Jeon 'yar Koriya ta Kudu da maki, alƙalai biyu suka ba ta, ɗaya ya ba ɗayar.

Daga nan fa?

Daga nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A Mayun 2018 a birnin Santiago na ƙasar Chile, Poliana Botelho ta zuba mata shuri a ciki, ta bi ta da naushi, alƙali ya tsayar da faɗan a daƙiƙa 33. Ga wadda shuri ne sunanta, wannan ba ƙaramin ciwo ba ne. A Nuwamba ta sha kashi da maki a hannun Yan Xiaonan a Beijing, sai Ashley Yoder ta doke ta a Yunin 2019 a Amurka. Ta bar MMA da nasara 6, rashin nasara 3.

Kada a raina waɗanda suka doke ta. Yan Xiaonan ta ci gaba har ta nemi kambun duniya na UFC a 2024. Amma gaskiyar magana, Syuri ta shiga MMA tana da shekara 27, ta tarar da waɗanda suka girma a cikinsa. Zakarar Japan ce, a UFC kuwa ta tsaya a tsakiyar layi.

Wannan shan kashi bai zubar mata da ƙima a idon masu kallon resilin ba?

A ganina ƙara mata ya yi. Mai kallon resilin ba lissafin nasara yake yi ba, so yake ya yarda da wanda ke gabansa. Macen da ta shiga keji sau huɗu a UFC, aka fasa mata fuska ta tashi, ba ta bukatar ta yi wa kowa bayanin cewa ita ba kanwar lasa ba ce. A kwatanta da CM Punk, wanda ya bar WWE ya yi faɗansa na farko a UFC a 2016 ba tare da tushen faɗa ba, Mickey Gall ya shaƙe shi a turmin farko. Shi an ga baƙo ne da ya shiga gonar da ba tasa ba. Ita kuwa an ga 'yar gida da ta kai iyakar ƙarfinta.

Yaushe ta shiga Stardom, kuma mene ne shi?

Stardom shi ne babban kamfanin resilin na mata zalla a Japan. Ya fara wasanni a Janairun 2011 ƙarƙashin Rossy Ogawa, a 2019 kuma kamfanin Bushiroad, mai New Japan Pro-Wrestling, ya saye shi ya zuba masa kuɗi. Syuri ta zo a daidai gaɓar. A Janairun 2020 ta bayyana tare da Giulia da Maika a wani sabon rukuni, Donna del Mondo. A Nuwamba ta doke Bea Priestley 'yar Ingila ta karɓi kambun SWA, a Afrilun 2021 ita da Giulia suka ci kambun 'yan bibbiyu.

Wace karawa ce ake ta magana a kanta?

Ta 12 ga Yuni, 2021, a zauren wasanni na unguwar Ota a Tokyo, tsakaninta da Utami Hayashishita, mai riƙe da jan kambu, wato babban kambun Stardom. Utami ta fito daga judo, ƙarfinta a ɗagawa da kayarwa yake. Syuri kuwa shuri da murɗiya. Aka yi minti 30 da aka ɗiba babu wadda ta ci. Dukansu suka ƙi yarda da canjaras, aka sake buga ƙararrawa. Suka ci gaba har minti 43 da daƙiƙa 19, inda duka biyun suka zube, alƙali ya ƙirga goma ba wadda ta iya miƙewa.

Dave Meltzer, ɗan jaridar Amurka da ya shafe shekaru yana auna wasannin resilin da taurari, ya ba karawar tauraro biyar da rabi, abin da bai taɓa ba wasan mata ba kafin nan. Ba dole ne mutum ya ɗauki ma'aunin Meltzer kamar hukuncin kotu ba, ra'ayin mutum ɗaya ne, amma shi ya sa dubban mutane a wajen Japan suka nemi wasan suka kalla.

Akwai abin da ya ƙara wa labarin nauyi. Mahaifiyar Syuri ta rasu a 2020, ita kuma ta fito fili ta ce saboda ita take neman jan kambun. A Satumban 2021 ta lashe gasar 5 Star Grand Prix bayan ta doke Momo Watanabe a wasan ƙarshe, abin da ya ba ta damar sake nema. Ranar 29 ga Disamba, a Ryogoku Kokugikan, babban zauren kokawar sumo, aka cire iyakar lokaci, ta doke Utami. Tana da shekara 32, shekara 13 bayan fitowarta ta farko a Hustle.

Ta daɗe da kambun?

Shekara ɗaya cif. Giulia, tsohuwar abokiyar tafiyarta, ta karɓe shi ranar 29 ga Disamba, 2022. A cikin wannan shekara ta bar Donna del Mondo ta kafa nata rukunin, God's Eye, tare da Ami Sohrei da Mirai. Mujallar Pro Wrestling Illustrated ta Amurka ta sa ta a lamba ɗaya cikin mata 150 na duniya a 2022, gaban Bianca Belair ta WWE, jaridar Tokyo Sports kuma ta ba ta kyautar gwarzuwar shekara.

Ita kaɗai ce 'yar kikboksin da ta shiga resilin a Japan?

A'a, maza da dama sun gwada. Masaaki Satake, wanda ya kai wasan ƙarshe na K-1 a 1994 ya sha kashi a hannun Peter Aerts, ya taɓa resilin a farkon shekarun 2000. Kyotaro Fujimoto, da ya ci kambun masu nauyi na K-1 a 2009 ya kuma kwantar da Aerts a 2010, ya yi 'yan wasanni a kamfanin resilin na All Japan a 2011 kafin ya koma damben zamani. Sai Yuichiro Nagashima, mai fitowa fage cikin kayan 'yan matan zanen katun, wanda ya sumar da Shinya Aoki da bugun gwiwa a daren ƙarshe na 2010, shi ma ya shiga resilin a 2011.

Dukansu sun fi Syuri suna a kikboksin nesa ba kusa ba, amma babu wanda ya kai ko kusa da inda ta kai a resilin. Su baƙi aka gayyato saboda sunansu ya sayar da tikiti. Ita sai da ta koyi faɗuwa, ta koyi nuna wa masu kallo zafin bugun da aka yi mata, ta sha kaye a gaban 'yan tsirarun mutane, kafin ta taɓa sa safar Krush.

Me ya sa irin wannan zirga-zirga ta fi yawa a Japan?

Saboda a can katangar da ke tsakanin resilin da faɗan gaske gajeriya ce tun asali. Antonio Inoki ya gina New Japan a kan da'awar cewa ɗan resilin ya fi kowa ƙarfi, har ya kara da Muhammad Ali a Tokyo ranar 26 ga Yuni, 1976. Inoki ya kwanta a bayansa yana shurin ƙafafun Ali turmi 15, aka tashi canjaras, 'yan kallo suka yi ta tsaki, amma ƙafar Ali ta ji jiki. A 1984 aka kafa kamfanin resilin na UWF, inda aka rage tsalle-tsalle aka koma shuri da murɗiya. Pancrase ɗin da Syuri ta ci kambunsa, 'yan resilin biyu ne suka kafa shi a 1993, Masakatsu Funaki da Minoru Suzuki. Kazushi Sakuraba, da ya yi minti 90 yana faɗa da Royce Gracie a 2000 ya kuma yi nasara, shi ma ɗan resilin ne. Ɗan kallon Japan ya saba ganin mutum ɗaya a fage biyu, kuma yana sa ran bugun resilin ya yi kama da na gaske.

Ita da Asuka, wa ya fi cin wani?

A manyan karawa biyu na kambun Smash, ɗaya da ɗaya ne. Kana ta doke ta a wasan ƙarshe na Satumban 2011 ta zama zakara ta farko, Syuri ta rama a Fabrairun 2012 ta zama ta ƙarshe, don a Maris kamfanin ya rufe.

Bayan jan kambu, akwai wani babban abu da ta ci?

Akwai. Ranar 27 ga Afrilu, 2025, a Yokohama Arena, ta doke Mayu Iwatani ta karɓi kambun mata na IWGP, wanda New Japan ta ƙirƙiro a 2022. Iwatani ta shekara biyu tana riƙe da shi.

Wanda bai taɓa kallonta ba, da wanne zai fara?

Ya fara da na Yunin 2021 da Utami, sannan na Disamba, a jere, domin na biyun amsa ce ga na farkon. In yana son ganin bambancin shurin da aka yi bayani a sama, ya nemi karawarta da Chan-Mi Jeon a UFC ya kalli ƙafarta kawai na turmi ɗaya. Stardom na da shafinsa na kallo a intanet, Stardom World, na biyan kuɗi duk wata, kuma yana saka wasu wasannin kyauta a YouTube.